APT.: Wasan mashaya a Koriya da ya zama waƙar da ta hana duniya sakat

Ko ba ka san sunanta ba, na tabbata ka san sautinta. In dai akwai TikTok ko Instagram a wayarka a ƙarshen 2024, to ka ji ta, sai fa in a kashe kake barin sautin wayar. Kalma ɗaya ake ta nanatawa, ana tafi, ganga na tashi kamar a filin fareti. Masu sayar da atamfa da turare sun ɗora ta a bayan bidiyon hajarsu, 'yan makaranta sun yi tsalle da ita, hatta masu bidiyon girki ba su bar ta ba. Ni dai ranar da na san abin ya kai inda ya kai ita ce ranar da na ji 'yar yayata, yarinyar da ko firamare ba ta shiga ba, tana rera ta a tsakar gida tana wasa da murafen kwalba. Na tambaye ta me take cewa, ta ce oho. Uwarta ma ba ta sani ba. Don Allah kar ka yi mini dariya, ni ma a lokacin ban sani ba.

Sunan waƙar "APT.", ta Rosé ce da Bruno Mars. Ta fito ranar Juma'a, 18 ga Oktoba, 2024, kuma tsawonta duka-duka minti 2 da daƙiƙa 49 ne. Kafin ka gama haɗa shayi ta ƙare.

Wace ce Rosé?

Masu bin waƙoƙin Koriya ba sa buƙatar gabatarwa, amma bari in yi wa saura bayani. Sunanta Roseanne Park. An haife ta a 1997 a birnin Auckland na Niyu Ziland, iyayenta 'yan Koriya ta Kudu ne, ta tashi a Melbourne ta Ostareliya. A 2012, tana da shekara 15, ta shiga gwajin da kamfanin YG Entertainment ya je ya yi a Ostareliya, ta ci, ta tattara ta koma Seoul. Shekara huɗu ta yi ana horar da ita waƙa da rawa kafin a fito da ita a watan Agustan 2016 cikin ƙungiyar Blackpink, ita da Jisoo da Jennie da Lisa.

A tsarin waƙar Koriya kamfani ne ke riƙe da kusan komai: shi zai zaɓi waƙa, shi zai zaɓi sutura, shi zai ce yaushe za a fito. A ƙarshen 2023 'yan matan huɗu suka sabunta yarjejeniyarsu da YG a matsayin ƙungiya, amma aikin da kowacce za ta yi ita kaɗai, kowa ta kama gabanta. Rosé ta sa hannu da The Black Label a Koriya, sannan da Atlantic Records a Amurka. Ke nan "APT." ita ce waƙarta ta farko bayan ta fita daga inuwar da ta raine ta. Da ta faɗi, da an ce ai daman ƙungiya ce ke ɗauke da ita. Ka san halin mutanen intanet, ba sa jira a gama magana.

To mene ne APT ɗin?

Nan ne labarin ya yi daɗi. Kalmar da kake ji ana nanatawa ita ce "apateu", wato yadda Koriyawa ke kiran dogayen gidajen benen nan da ake raba wa iyalai hawa-hawa. Aro suka yi daga Turanci suka lanƙwasa ta da harshensu, kamar yadda mu muka yi wa bokiti da tebur. Amma a waƙar ba gida kawai ake nufi ba. Sunan wani wasa ne da matasan Koriya ke yi a wurin shan barasa.

Ga yadda ake yi. A zauna a zagaye, a rera kalmar, sai kowa ya miƙo hannayensa biyu tsakiya a jera su bisa juna, kamar hawan bene. Jagora ya faɗi lamba, a ce 15. Mai hannun can ƙasa ya zaro ya ɗora a sama, hawa na ɗaya ke nan, na biye da shi ya zaro, hawa na biyu, a yi ta ƙirgawa. Duk wanda hannunsa ya faɗo a kan lambar, shi aka kama, tararsa kuma ita ce ya kurɓa.

Rosé ta ba da labari a hirarraki cewa wata rana da dare a situdiyo ta koya wa abokan aikinta wasan, ta ga duk sun ɗauka suna ta nanatawa, sai ta ce cikin raha ai ya kamata a mai da shi waƙa. Aka fara a daren. Da ta koma gida sai hankalinta ya tashi. Waƙa a kan wasan giya? Anya ba a raina ta ba? Ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya tana roƙonsu su goge daga wayoyinsu. Sai ta tarar abin ya riga ya kama su, ba mai niyyar gogewa. Ka ga waƙar da daga baya ta zagaye duniya, mai ita da kanta ta so ta binne ta tun tana jaririya.

Shigowar Bruno Mars kuwa ta hanyar kamfani ce, don shi ma ɗan Atlantic ne. Aka ce ta aika masa da waƙoƙi, ta aika guda uku, ya zaɓi wannan, ya tambayi ma'anar sunan, ta gaya masa. Sai ya shiga ciki da ƙafa biyu: ya yi baitinsa, ya sa hannu a rubutu da haɗa kiɗan, sannan shi da Daniel Ramos suka ba da umarnin bidiyon. Bidiyon ma ba wani kashe kuɗi na a zo a gani ba ne. Ɗaki ne ruwan hoda, ga ganguna, ga mutum biyu cikin baƙaƙen rigunan fata suna wasa da juna kamar yara. Ba mota, ba jirgi, ba tarin 'yan rawa.

Mutum 11 a kan waƙar da ba ta kai minti 3 ba

Salon da ake kira pop rock, a taƙaice, shi ne a ɗauko kayan kiɗan rock, wato jita mai lantarki da ganguna masu ƙarfi, a haɗa su da amshi mai sauƙi irin wanda kowa zai iya kamawa a ji ɗaya. Sake sauraron "APT." da kunnen basira. Farkonta kusan ba kiɗa, daga murya sai bugu da tafi. Sai baiti ya shigo da sauri, sai wani sashe mai daɗin rerawa inda sauti ke buɗewa, kana zaton nan ne ƙololuwa, sai a sake jefa ka cikin nanatawar nan. Ba a ba ka sararin gajiya ba. Kuma tun daƙiƙun farko an riga an ba ka abin da za ka riƙe. Wannan ba haɗari ba ne. A Spotify sai mutum ya saurari waƙa na daƙiƙa 30 kafin a ƙirga ta, a TikTok kuwa in ba ka kama mutum nan take ba, ɗan yatsansa ya wuce.

In ka duba jerin marubutan waƙar za ka ga suna 11. Akwai Rosé da Bruno Mars, akwai irin su Amy Allen da Cirkut da Omer Fedi da Philip Lawrence, waɗanda sana'arsu ke nan. Amma akwai sunaye biyu da ba su shiga situdiyon ba sam: Nicky Chinn da Mike Chapman. Dattawa ne da suka rubuta wata waƙa mai suna "Mickey", wadda Toni Basil ta rera ta hau lamba ɗaya a Amurka a ƙarshen 1982. Salon bugu da kirarin da ke cikin "APT." daga can aka ɗebo, shi ya sa aka sa sunayensu, kuma suna da kaso a kuɗin da waƙar ke kawowa. Shekara 42 bayan aikinsu ya yi tashe, sai ga shi ya sake haihuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita Toni Basil. Asalin waƙar ta wata ƙungiyar Birtaniya ce mai suna Racey, ta fito a 1979 da suna "Kitty". Basil ta sha faɗa cewa ita ta ƙara kirarin 'yan fareti da ya sa waƙar ta yi suna. Amma ba a rubuta ta cikin marubutan "Mickey" ba, don haka babu ita a jerin na "APT." Kai da kake shiga situdiyo a Zoo Road ko wani ɗaki a unguwarku, ka kawo amshi, abokinka ya kawo kiɗa, ku rabu a kan "ai mu 'yan'uwa ne", ka riƙe labarin matar nan. Ranar da waƙa ba ta kawo komai, kowa ɗan'uwa ne.

Yadda ta hau jadawali

A makonta na farko ta shiga jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka a lamba 8. Da wannan Rosé ta zama mace ta farko daga fagen waƙar Koriya da ta shiga goman farko ita kaɗai, ba a cikin ƙungiya ba. Maza sun riga ta: PSY ya kai lamba 2 da "Gangnam Style" a 2012, BTS sun hau lamba ɗaya a 2020, Jimin da Jungkook kowannensu ya hau a 2023. Blackpink kuwa, duk da yawan masoyansu, mafi nisan da suka je shi ne lamba 13.

Yawancin waƙoƙin Koriya a wannan jadawali iri ɗaya suke yi. Masoya su taru su saya, su saurara dare da rana a makon farko, waƙa ta yi sama, mako na biyu ta rikito. "APT." ba ta yi haka ba. Ta ɗan ja baya a watan Disamba, lokacin da tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti ke mamaye jadawalin kowace shekara, ana shiga sabuwar shekara ta sake yunƙurowa, har ta kai lamba 3 a farkon 2025. Abin dariya, cikin waɗanda suka tare mata hanya har da shi Bruno Mars ɗin, domin a lokacin "Die With a Smile", wadda ya yi da Lady Gaga, ita ke riƙe da kambun. Mutum yana gasa da kansa.

A Birtaniya ta tsaya a lamba 2. A Ostareliya, ƙasar da Rosé ta tashi, ta hau lamba ɗaya, haka a Koriya ta Kudu. A jadawalin Billboard Global 200, wanda ke haɗa ƙasashe da yankuna sama da 200, mako 12 ta yi a kan gaba. A wanda ake cire Amurka daga lissafi kuwa, mako 19. Bidiyon ya kai kallo biliyan ɗaya a YouTube cikin kwana 105. Kundin da waƙar ke ciki, "rosie", ya fito ranar 6 ga Disamba, 2024, ya shiga jadawalin kundaye na Amurka a lamba 3.

Wataƙila ka ce, to in ta fi kowace waƙa a duniya har tsawon wata uku, me ya hana ta lamba ɗaya a Amurka? Amsar tana cikin yadda ake lissafin. Hot 100 abin da ya faru a cikin Amurka kawai yake ƙirgawa, daga Juma'a zuwa Alhamis, shi ya sa ma ake sakin sababbin waƙoƙi ranar Juma'a don su ci cikakken mako. Abu uku ake haɗawa: sauraro ta intanet, sayen waƙa, da yawan sa ta a gidajen rediyo. Sauraron wanda ya biya kuɗin wata ya fi na mai sauraron kyauta nauyi. Shi kuwa Global 200 ba ruwansa da rediyo. To rediyon Amurka ƙofa ce mai wuyar buɗewa ga baƙo, kuma a nan ne sunan Bruno Mars ya yi aiki.

Ga hujja. A watan Maris na 2021 Rosé ta saki "On the Ground", ita kaɗai. Ta hau lamba ɗaya a Global 200, amma a Hot 100 lamba 70 ta tsaya. Murya ɗaya, masoya ɗaya. Daga 70 zuwa 3, bambancin ba na baiwa ba ne kawai.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. "Calm Down" ta Rema ta riga ta yi suna kafin Selena Gomez ta shigo cikinta a watan Agustan 2022, amma sai bayan shigowar ta kai lamba 3 a Amurka a 2023, daidai matakin da "APT." ta taka. "Essence" ta Wizkid da Tems ma sai da aka sako Justin Bieber ta shiga goman farko a 2021. A ganina wannan abin murna ne da takaici a haɗe. Waƙar ta riga ta yi daɗi tun a gida, amma sai an samu ɗan gari ya riƙo hannunta kafin a buɗe mata ƙofa. Kodayake a kan "APT." dole in yi adalci: Bruno bai zo ya manna baiti a kan waƙar da ta gama tashe ba, da shi aka ƙarasa gina ta, kuma in ka cire muryarsa za ka ji giɓin.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai tsaye. In ta Xender abokinka ya turo maka waƙar, ko ka kai memori wurin masu tura waƙa a kasuwa aka cika maka, ko sau dubu ka saurare ta, a idon masu lissafi ba ka taɓa jin ta ba. Bidiyon da ka yi da sautinta a TikTok ma ba ya shiga lissafin Hot 100, sai dai ya ja wani ya je ya nemi cikakkiyar a inda ake ƙirgawa. Rosé ba za ta ji a jikinta ba. Amma mawaƙin Hausa da kake cewa ya fi kowa, wanda ake jin sa a kowace Keke Napep da kowane gidan biki daga Kano har Damagaram, shi yana ji. Miliyoyin kunnuwa, amma a rubuce ba su da yawa, kuma kamfanonin waje rubuce suke dubawa.

Abin da ta jawo a can gida

A Koriya akwai jarrabawar shiga jami'a da ake kira Suneung, ana yin ta rana ɗaya a watan Nuwamba. Ƙasar na ɗaukar ta da muhimmancin da har tashin jirage da saukarsu ake dakatarwa lokacin sashen sauraron Turanci, don kar ƙara ta dami ɗalibai. Ɗaliban suna da wani jeri nasu na raha na waƙoƙin da suka ce haramun ne a saurara gab da jarrabawa, saboda in suka shiga kai ba sa fita. "APT." ta fito saura mako huɗu a zauna, nan da nan aka sa ta a jerin. Ka tuna ranar JAMB ɗinka, ka ƙaddara kana gaban kwamfuta, lokaci na tafiya, kalma ɗaya na ta yawo a kwanyarka.

Sai kuma wani dattijon mawaƙi, Yoon Soo-il, wanda ya yi wata waƙa mai irin wannan suna tun 1982. Matasa suka tono ta, suka riƙa haɗa biyun, suna kiran tasa tsohon gini, ta Rosé sabon gini. Yana zaune kasuwa ta zo ta same shi.

Rosé da Bruno sun fara gabatar da ita a bikin MAMA da aka yi a Osaka ta Japan a watan Nuwamban 2024. A watan Satumban 2025 ta ci kyautar waƙar shekara a bikin MTV, kuma a watan Nuwamban wannan shekarar sunanta ya fito cikin masu takarar manyan kyaututtukan Grammy.

Mu koma tsakar gidanmu

Yanzu ka san abin da 'yar yayata ba ta sani ba. Sauran baitocin ma, in ka bi ma'anarsu, zancen saurayi da budurwa ne da ke gayyatar juna gida a kwana ana shagali. A can wannan ba komai ba ne, ko da yake ka ga ita kanta mai waƙar sai da ta yi jim. A nan kuwa, inda bidiyo ɗaya ke iya kai mutum gaban alƙali ko ya ɓata maganar aure, lissafin daban ne.

Ba wa'azi na zo yi ba, akwai masu wannan aikin kuma sun fi ni iyawa. Kuma ban yarda da masu cewa duk wanda ya rera kalmar ya zama mashayi ba. Kalmar dai gida take nufi, yarinyar da ke tsalle da ita a tsakar gida ba ta san wani kofi ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu manya. Mutum zai ɓata awa guda yana gyara hasken bidiyo, ya sake ɗauka sau goma saboda ɗankwali ya karkace, amma minti biyu na neman ma'anar sautin da zai ɗora a bayan fuskarsa ya gagara. Na ga bidiyon walimar sauka da aka ɗora wa wannan sauti. Wallahi na gani. Na tabbata wanda ya haɗa ba da wata manufa ya yi ba, ya ga dai ita ke tashe.

Da na yi wa yayata bayanin wasan, shiru ta yi, sannan ta ce in nuna mata yadda ake jera hannun. Yanzu yaran gidan suna yi da yamma bayan Islamiyya. Wanda lamba ta faɗa a kansa, shi ke wanke kwanukan dare.